Girka Sabuwar Kwamfuta a Gida: Wuta, Ƙura da Haruffa Masu Lanƙwasa a Arewa Maso Yammacin Jigawa

Takardar bayanin da ke zuwa cikin kwalin kwamfuta an rubuta ta ne bisa wasu zato guda uku waɗanda kamfani ba ya faɗi a fili, wato cewa wutar lantarki tana nan dare da rana ba ta hawa ba ta sauka, cewa ɗakin da za a ajiye na'urar yana da sanyi kuma babu ƙura, da kuma cewa mai ita yana da intanet wanda ba a auna masa. A Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura babu ko ɗaya daga cikin ukun nan da magidanci zai iya dogara da shi, saboda haka aikin girka kwamfuta a wannan yanki yakan fara ne tun kafin a danna makunni, kuma abubuwan da takardar ta bari sai ƙarshe, ko ma ba ta ambata ba sam, su ne suka cancanci a fara da su.

Bukatar kwamfuta a gida ba baƙuwa ba ce a nan. Tun farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, gwamnatin Jigawa ta kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa a Kazaure, wadda jama'a suka fi sani da Informatics, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a garin, sannan a shekarar 2021 gwamnatin tarayya ta amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. Hukumar JAMB kuma ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta tun 2015, ita ma WAEC ta fara gwada hakan ga masu zana jarrabawa daga waje a 2024, ta yadda uban da ke ƙauyen Gwiwa ya san cewa ɗansa, kome ƙoƙarinsa a aji, zai sha wuya idan ranar jarrabawa ce ranar da ya fara riƙe linzamin kwamfuta. Malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumomi da masu shagunan buga takardu su ma suna cikin masu saye.

Abin da ake kira sabuwar kwamfuta a mafi yawan gidaje sabuwa ce ga mai ita kawai. Tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023, kwamfuta dal a kwali ta fi ƙarfin aljihun ƙaramin ma'aikaci, sai aka ƙara raja'a a kan ta hannu, wadda kamfanonin Turai da Amurka suka gama amfani da ita aka yi jigilarta zuwa Legas, daga can ta iso Kano, inda mutanen wannan yanki kan bi hanyar Daura su je su saya a shagunan titin Beirut ko kasuwar Farm Centre. Wannan ba aibi ba ne, domin kwamfutar ofis irin ta HP ko Dell ko Lenovo mai shekara huɗu ko biyar sau da yawa ta fi sabuwa mai araha ƙarko, amma yana nufin cewa matakin farko na girkawa bincike ne, kuma a gaban mai shago ya kamata a yi shi, ba bayan an yi doguwar tafiya an koma Roni ba.

Akwai abubuwa uku da ido ba ya gani a jikin na'urar waɗanda su ne ainihin abin da aka biya kuɗi dominsa. Na farko shi ne firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke aiwatar da umarni. Na biyu shi ne ram, wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a daidai wannan lokaci, wanda yake gogewa da an kashe ta. Na uku kuma rumbun ajiya, inda takardu da hotuna ke zama ko da babu wuta. Rumbun iri biyu ne, akwai tsohon yayi mai faifai da ke juyawa a ciki, wanda girgiza ko faɗuwa kan lalata, akwai kuma wanda ake kira es-es-di, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, ya fi sauri nesa ba kusa ba, ya kuma fi jure tafiya a bayan babur. Shekarun firosesa sun ƙara muhimmanci tun daga 14 ga Oktoba 2025, ranar da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10 na gyare-gyaren tsaro, domin Windows 11 ba ta karɓar kwamfuta a hukumance sai tana da ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da firosesa na baya-bayan nan, wanda a kayan Intel yake nufin zubi na takwas zuwa sama. Kamfanin ya ce ram mai gigabait 4 ya isa, amma wanda ya taɓa buɗe shafuka biyar na intanet tare da takarda ɗaya a kan irin wannan na'ura ya san cewa gigabait 8 shi ne mafi ƙarancin abin da ba zai sa mutum jiran gawon shanu ba.

Batir shi ne inda aka fi cutar mai saye, alhali Windows da kanta tana iya tona asirinsa. Idan aka buɗe baƙin allon ba da umarni aka rubuta powercfg /batteryreport, kwamfutar za ta fitar da rahoto mai ɗauke da lambobi biyu da ke kusa da juna, ɗaya yana nuna yawan cajin da aka ƙera batirin ya riƙe, ɗayan kuma yawan da yake iya riƙewa a yau. Idan na farko ya nuna dubu 50 na biyu kuma dubu 22, to batirin ya rasa fiye da rabin ƙarfinsa ke nan, kome rantsuwar da aka yi cewa yana awa huɗu. A nan kuma ya kamata a sake kunna na'urar a shiga saitin tushe, wanda masu gyara ke kira bayos, a tabbatar babu kalmar sirrin da tsohon kamfanin da ya mallake ta ya bari, domin irin wannan kulle ba ya fita da goge rumbu. A duba madannai ma: kwamfutar da ta fito daga ƙasashe masu amfani da Faransanci, irin su Nijar da Babura ke iyaka da ita, haruffanta na sama sukan fara da A da Z maimakon Q da W, ta Ingila kuma alamar @ ba a wuri ɗaya take da ta Amurka ba, abin da kan rikita mai koyo har ya zaci na'urar ce ta lalace.

Batun wuta shi ne ya fi kowanne nauyi. Kamfanin KEDCO ne ke rarraba lantarki a jihohin Kano da Katsina da Jigawa tun bayan sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, kuma tsarin da hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta shimfiɗa ya kasa layuka rukuni biyar, daga rukunin A mai alkawarin awa 20 a rana zuwa rukunin E mai awa 4, don haka yawan wutar da gida ke samu ya danganta da layin da yake kai. Sai dai rashin wuta ba shi ne ke kashe kwamfuta ba. Abin da ke kashe ta shi ne yadda wutar ke dawowa, domin a daƙiƙun farko bayan an maido ta takan zo da ƙarfi fiye da ƙima, haka kuma tsawa a farkon damina kan turo wuta mai yawa ta cikin waya, sannan ƙaramin janareta yakan yi sama da ƙasa duk lokacin da aka jona dutsen guga ko firiji a kansa. Ma'aunin wutar Nijeriya bolt 230 ne, na Amurka kuwa 120; cajar laftof ba ta damu da wannan bambanci ba domin an ƙera ta ta karɓi daga 100 zuwa 240, kamar yadda aka rubuta da ƙananan haruffa a bayanta, amma wasu tsofaffin kwamfutocin tebur da suka fito daga Amurka suna da wani ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230, kuma idan aka bar shi a kan 115 aka jona a soket ɗin gida, ƙara ɗaya za a ji da warin ƙuna, shi ke nan tukunyar wutarta ta tafi.

Na'urorin kariya guda uku ake yawan rikitawa, ana saye ɗaya ana tsammanin aikin ɗaya. Sitabilaiza tana daidaita wutar da ta yi ƙasa ko ta yi sama ta maido ta kusa da 230, amma da an ɗauke wuta ita ma ta mutu. Yu-fi-es kuwa tana da ɗan batir a ciki wanda ke riƙe kwamfutar tebur na 'yan mintuna, gwargwadon abin da zai isa a adana aiki a kashe ta cikin natsuwa, ba don a ci gaba da aiki ba. Ta uku ita ce soket mai tare tsawa, wadda ke karkatar da wutar da ta zo kwatsam zuwa ƙasa, kuma a nan ne matsalar take, domin gidaje da yawa an yi musu wayarin ba tare da wayar ƙasa ba, wato waya ta uku da ake haɗawa da sandar ƙarfe a binne, kuma in babu ita wannan soket ba ta iya cikakken aikinta. Ɗan jan da mutum ke ji a yatsa idan ya taɓa jikin laftof mai ƙarfe tana caji sau da yawa alamar rashin wayar ƙasa ce, kuma kiran mai gyaran wuta ya binne sanda ya fi sauya uwar allon kwamfuta sauƙin kuɗi. Kariyar da ba ta cin ko sisi ita ce zare filogi daga bango da zarar an ɗauke wuta ko hadari ya haɗo, a kuma dakata na ɗan lokaci bayan ta dawo kafin a mayar.

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, gidaje da dama sun koma ga sola, kuma lissafinta shi ne ya fi bayyana dalilin da ya sa laftof ta fi kwamfutar tebur dacewa da wannan yanki. Laftof ta yau da kullum takan ja kimanin wat 50, wanda in aka yi awa biyar ana aiki ya zama wat-awa 250. Kwamfutar tebur da allonta kuwa takan kai wat 150, wato 750 a awa biyar ɗin nan. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da kimanin wat-awa 1,200, amma idan na dalma ne, irin mai ruwa ko na jel, ba a so a zuƙe fiye da rabinsa don kada ya mutu da wuri, saura 600 ke nan, waɗanda za su ɗauki laftof har da ƙwan fitila da fanka amma ba za su kai kwamfutar tebur ƙarshen aikinta ba. Inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta soket, ita ma iri biyu ce, kuma mai arahar tana fitar da wuta mai kaifin gefe wadda ke sa caja zafi da kuka, don haka mai fitar da wuta sumul irin ta layi ita ce ta dace da kayan lantarki masu laushi.

Wurin ajiyewa yana biye da wuta. Yawancin kamfanoni sun rubuta cewa laftof ɗinsu an yi ta ne ta yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a watannin Afirilu da Mayu zafin wannan yanki yakan haura 40, ɗakin kwano marar silin kuma ya fi waje turiri. Laftof takan shaƙi iska ta ƙasa ta fitar ta gefe, saboda haka ɗora ta a kan katifa ko darduma ko cinya daidai yake da toshe wa mai gudu hanci. Tebur ko faffaɗan katako, tare da ɗan abin da zai ɗaga bayanta, shi ne mazauninta, kuma aiki mai nauyi a bazara ya fi kyau da safe ko bayan la'asar. Da hunturu kuma ƙura ce ke shiga, ta taru a bakin siraran ƙarafan da ke bayan fanka har ta zama kamar auduga, sai a ji fankar tana ihu iskar da ke fita kuwa kaɗan ce, daga baya na'urar ta fara kashe kanta. Rufe ta da ƙyalle bayan ta huce, da kai ta a buɗe a share ta sau ɗaya bayan hunturu ya wuce, sun isa. Cin ƙosai ko shan shayi a kanta yana gayyato tururuwa da kyankyasai, ɓera kuma ba ya raina wayar caja.

Sai a zo ga kunnawar farko, inda ake yin kuskuren da ya fi kowanne wuyar gyara. Al'ada ce mai saye ya bar wa yaron shago ya saita masa komai, shi kuma don sauri yakan shigar da nasa adireshin imel ko ya ƙirƙiri wani wanda shi kaɗai ya san kalmar sirrinsa. Windows 11 tana neman asusun Microsoft a lokacin girkawa, kuma a sababbin zubinta takan kulle rumbun ajiya da kanta ta hanyar rikiɗa bayanan da ke ciki, sannan ta ajiye mabuɗin buɗewa, mai lambobi 48, a cikin wannan asusu. Ranar da aka sauya wani sashe na na'urar ta nemi mabuɗin, mai ita zai tarar cewa takardunsa na shekaru suna hannun wani yaro a Kano wanda wataƙila ya daɗe da barin shagon. Don haka asusun ya zama na mai kwamfutar, da lambar wayarsa wadda aka haɗa da lambarsa ta NIN, a kuma kwafi mabuɗin a takarda a adana shi tare da takardun gida. Kwamfutar da aka saya ta hannu kuwa ta fi aminci idan aka goge ta baki ɗaya aka girka Windows daga tushe, kuma yawancin na ofis suna ɗauke da lasisinsu a jikinsu, wanda ke farfaɗowa da kansa da an hau intanet.

Ƙananan saituna uku suna hana ciwon kai mai yawa. Agogo ya zama na yammacin Afirka ta tsakiya, awa ɗaya gaba da na Greenwich, domin idan kwanan wata ya kauce shafukan banki da na JAMB sukan ƙi buɗewa. In kuwa yana kaucewa duk lokacin da aka kashe na'urar, to ɗan batirin da ke cikinta mai kama da kwabo ne ya mutu. Girman takarda ya zama A4, domin na Amurka ya fi gajarta da faɗi kuma yana ɓata tsarin wasiƙa idan an je bugawa. Na uku shi ne a shaida wa Windows cewa intanet ɗin na awo ne. Yawancin gidaje suna ɗaukar intanet daga wayar hannu ko 'yar na'urar mayifai a kan layin MTN ko Airtel ko Glo, ita kuwa sabuwar kwamfuta da ta ji intanet sai ta shiga sauke gyare-gyare masu cin gigabait da yawa ba tare da sallama ba, har datar wata ta ƙare a yini guda. Gyare-gyaren ba abin gudu ba ne, su ne ke toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi, amma mai ita ne ya kamata ya zaɓi lokacinsu, ko da datar dare mai rangwame, ko a ranar da ya shiga gari inda sabis ya fi ƙarfi.

Game da manhajoji, wato shirye-shiryen da ake aiki da su, tarin da shago ke zubawa kyauta yawanci na sata ne da aka fasa, kuma kafin su zauna sai an kashe mai gadin kwamfutar, wanda sau da yawa ba a sake kunna shi. Microsoft Defender da ke zuwa cikin Windows ya ishi gida idan an bar shi a kunne, LibreOffice kuma kyauta ce ta halal, tana buɗe takardun Word da Excel. Hanyar da cuta ta fi shigowa a nan ita ce filashin da aka kai shagon buga takardu aka dawo da shi, musamman irin cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar gumakan bogi a madadinsu. Tura takardar ta imel ko WhatsApp ya fi kai filashi aminci.

Akwai mataki ɗaya da babu takardar kamfanin da za ta ambata, wato koya wa kwamfuta rubuta Hausa daidai. Madannan da aka saba gani ba su da ɓ da ɗ da ƙ, shi ya sa a shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar da zubin haruffa na Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka yi wa marubuta da maɗaba'u hidima mai yawa. Irin wannan dabara tana aron gurbin wata alama ce ta zana harafin Hausa a kai, don haka idan aka buɗe takardar a kwamfutar da ba ta da zubin, ko aka manna rubutun a intanet, sai haruffan su koma baka da sauran alamomin da aka ara. Tsarin Unicode, wanda ya bai wa kusan kowane harafi na harsunan duniya lambarsa ta dindindin, ya kawar da wannan matsala, kuma Windows tana da tsarin madannai na Hausa wanda ake ƙarawa daga sashen harshe a cikin saituna. Da an zaɓe shi, riƙe madannin Alt na hannun dama tare da b ko d ko k yana fitar da mai lanƙwasar. Wanda ke cikin Word kuma bai girka komai ba yana iya rubuta 0199 ya danna Alt da X, nan take lambar ta rikiɗe ta zama ƙ, haka 0257 ke ba da ɗ, 0253 kuma ɓ. Malamin Hausa a sakandaren Roni da ke shirya tambayoyin jarrabawa, ko ɗalibin da ke rubuta kundi, zai ga amfanin wannan ranar da ya aika aikinsa ga wani ya buɗe shi a waya haruffan suna nan yadda aka rubuta su. Tsofaffin takardun da aka buga da zubin aro kuwa ana iya gyara su ta hanyar umarnin nema da musanyawa, alama ɗaya bayan ɗaya.

Da yake kwamfutar gida ta kowa ce, daga maigida zuwa 'yan makaranta har da ɗan maƙwabci mai shirin JAMB, ya dace a buɗe asusu biyu: na mai iko, wanda shi kaɗai ke iya girka manhaja ko sauya saiti, da na gama-gari wanda yara za su riƙa shiga su yi atisayen madannai da linzami ba tare da sun iya taɓa takardun aiki ba. Duk abin da rasa shi zai zama asara, kamar sakamakon ɗalibai ko lissafin shago ko hoton takardar fili, a yi masa kwafi na biyu a wani rumbu na waje wanda ba ya zama a jone, kuma ba ya kwana cikin jaka ɗaya da laftof ɗin, ƙananan takardu kuma a ɗora su a ma'ajiyar Google, wadda ke ba kowane asusu gigabait 15 kyauta. Garantin kwamfutar da aka saya ta hannu yawanci na baki ne kuma na 'yan kwanaki, saboda haka a nemi mai shago ya rubuta lambar jikin na'urar da wa'adin da ya bayar a kan rasit, sannan a cikin waɗannan kwanaki a gwada kowace kafa ta jona filashi, da kyamara, da lasifika, da kowane madanni, a kuma cika batirin a bar shi ya sauka har ƙasa ana duba agogo.